Gishiri a Bangon Inna

Har yau in na ga farin gishiri ya tsatso a gindin bango sai na tuna ɗakin Inna.

A farkon samun jihar Kebbi ina aiki a ofishin kamun kifi a Yelwa. Shekarar da mahaifina ya rasu aka tura ni kwas Ikko, a can na ga kifin teku cikin akwatin gilashi, shuɗi da rawaya, suna yawo tsakanin rassan murjani. Na dawo da akwatin gilashi, da ɗan famfo, da buhun gishirin teku, da taurin kai. Mutumin bakin tafki, wanda ake kawo wa giwan ruwa har ƙofar gida, wai shi zai kiwata kifin da ba a ci. Abokan aiki suka yi ta dariya, ni ko a jikina.

Mai sayar da kayan ya ce akwatin ƙaramin aiki ne, babban aikin shi ne ɗakin da ke bayansa, inda za a ajiye duro biyu na ruwan gishiri da famfo da batir, tiyo ya ratsa bango zuwa falo. Na zauna na zana ɗakin a takarda kamar wani injiniya. Wuri ɗaya ne ya dace, wani lungu tsakanin falona da ɗakin Inna, mahaifiyata. Bango biyu na nan tsaye, saura in rufe gaba in ɗora kwano.

Tsohon maginin da na kira ya ƙwanƙwasa bangon Inna da yatsa, ya kasa kunne.

"Malam, wagga katanga laka ta, siminti kawai anka shahwa mata bisa. Gishiri da laka ba su zama wuri guda. Ka matsa da duronka."

Na ce masa ai na yi kwas. Haka na faɗa, Allah ya yafe mini.

Na jingina duro biyun da bangon, na cika su, na kunna famfo, domin sai ruwa ya yi makonni yana zagayawa kafin a kawo kifi. Na ga tiyo yana ɗiga. Na ɗaure shi da tsumma na tafi harkata.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga gaida Inna. Tana zaune a kan gadonta na ƙarfe tana jan carbi, ta jingina da wata sabuwar tabarma da aka rataya a bango. Ban taɓa ganin tabarma a wurin ba. Ɗakin yana warin danshi, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. A kan matashinta kuma ga ɓurɓushin ƙasa.

Na ɗaga gefen tabarmar. Simintin ya kumbura ya tsage, gishiri ya yi fari a bakin tsagar. Na danna lakar da ke ciki da babban yatsa, yatsan ya nutse kamar a tuwo. Na ɗaga kai. Azarar rufin soro, da duk nauyin ƙasar da ke kanta, a kan wannan bangon take zaune. Ta bayansa ina jin famfona yana gurnani, bangon yana ɗan rawa a tafin hannuna.

Na ji tsoron ko tari na yi rufin zai sauko.

"Inna, tashi mu hita."

"Bari in ida lazimina."

Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗi, ban taɓa kama ko hannunta ba tun da na girma. Ranar na sungume ta kamar jaririya, tana salati tana cewa mi ya same ni. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ƙara tsorata ni. Na ajiye ta a gindin darbejiya. Na koma na cire wayar batir, na yi ta kwashe ruwan da bokiti ina zubarwa a waje, kowace shiga sai na kalli bangon na yi kalmar shahada.

Maginin ya zo ya duba. Bai ce ai na gaya maka ba, da ma ya faɗa da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi kada kowa ya shiga, ko don ɗauko allura.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, muna tsakar gida bangon ya zauna, rufin ya bi shi. Da ƙura ta lafa muka hango gadon, ƙarfensa ya lanƙwashe daidai inda take jingina.

Na durƙusa a gabanta.

"Inna, tun yaushe kinka ga danshin?"

"An hi kwana ashirin."

"Don mi ba ki hwaɗa min ba?"

Ta kawar da kai gefe, kamar yadda ta saba in tana magana da ni.

"Tun da babanka ya rasu ban ji dariyarka ba sai da kayan ga sunka zo. Na ce bari kihin su iso tukuna."

Washegari na aika Ikko a bar kifin, kada a kawo.