Yatsun da Sanyi Ya Ci

A bakin kasuwar Gure wani dogon mutum yana zaune cikin tsohuwar rigar soja, yana tufkar igiya da yatsu shida da suka rage masa. Ban taɓa ganin ƙulli irin nasa ba. Ina jin can ya koyo shi, a wani dutse mai nisa da yakan ba da labarinsa, inda ƙanƙara ba ta narkewa, inda ya ɗauki kayan Nasara suka hau, igiya ɗaya a ƙugunsu duka.

Wata tsohuwa ta ɗauki igiyar guga, ta ga hannun, ta saki.

Ya ce, "Ba kuturta ba ce, inna. Sanyi ne ya cinye su."

"Sanyi? Allah ya sawwaƙe."

Ta goge tafinta a zane, ta wuce.

Da wani ya zo, bai ƙara bayani ba. Ya ajiye igiyar a ƙasa ya ja baya, yadda kutare suke yi.