Yadda Farin Haƙori Ya Kusa Hana Ni Aure

"Mai fararen haƙoran nan ne ke son jikata?"

Da haka kakar Hajara ta tarbe ni a ƙauyen Tsaskiya, zamanin da kuɗin mai suka shigo, ina sabon malamin gona a Safana. Ni kuwa tun safe nake dirzar baki da gawayi da gishiri, duk don in burge.

Na durƙusa na ce, "Ni ne, Kaka."

Ta leƙa bakina, ta taɓe nata. "Haƙoran da ba su san goro ba? Ko dai ba shi da mutane, ko rowa gare shi. Hajara, sake shawara."

A lokacin jan baki ne ado, maza goro, mata har da furen taba. Na karɓi jan goro a hannun Kaka na yi ta tauna, ɗaci na sa ni hawaye, har ta ce, "Yauwa, yanzu ka yi kama da mutum."

Na samu Hajara, goro kuma ya same ni. Yau ita ce ke yi mini faɗan jan haƙora.

Ku fa, me ya rina naku: goro, shayi, ko neman aure?