Ɗan Ƙarfen Da Na Sa A Aljihu

Edita, ina gaisuwa. A shekarun farko na samun ƴancin kai, ni saurayi ne a Agadas, makanisiyen, wato makanike, a garajin gwamnati, ina ji da hannuna kamar ba wani. Duk abin da ke da ƙarfe a garin nan, in ya tsaya ni ake nema, tun daga kamiyo, babbar motar kaya, har keken ɗinki. Iyayenmu fatake ne daga Damagaram da suka zo suka zauna. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, don haka yayana ne ya rene ni. Tela ne, rumfarsa na bakin kasuwa, shi ya kai ni garaji da hannunsa ya roƙi a koya mini aiki. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya.

Muna da wani maƙwabci, magatakarda ne a biro, wato ofishin gwamnati, tun zamanin Nasara. Sun taɓa yin rikici da yayana kan katangar da ta raba gidajenmu, dattawan unguwa suka ba yayana gaskiya a gaban jama'a. Muka ɗauka magana ta wuce. Da lokacin nan ya zo da ake kama mutane kan zancen siyasa, sai ga jandarma da hantsi a rumfar yayana. Suka ɗauke shi daga kan keke, rigar da yake ɗinkawa na maƙale a allura. Mutumin da bai san komai ba sai zare da almakashi. Daga baya wani mai shara a biro ya rantse mini cewa da idonsa ya ga maƙwabcinmu ya ƙara sunan yayana a ƙasan takardar waɗanda za a kama.

Yayana ya yi shekara da watanni a gidan kaso can kudu. Ya dawo ba ya iya zama a kan keke, tari ya cinye shi, kafin damina ta zagayo muka kai shi makwancinsa. Maƙwabcin nan har ya zo zaman makoki, ya ɗaga hannu ya yi addu'a tare da mu. A lokacin an ƙara masa girma, ya bar unguwarmu ya koma wani gidan Nasara da aka bari. Innarmu ta yi ta ce mini in bar wa Allah. Nakan ce mata na bari, amma ƙarya nake yi. Ko a masallacin Juma'a, in na hango ƙeyarsa a sahun gaba, ban san abin da liman ke karantawa ba. Na yi ta saƙa yadda zan yi da shi, wani lokaci da wuƙa, wani lokaci da motarsa, sai dai motar direba ke tuƙa ta, kuma ba garajinmu ake kawo ta ba.

Wata ranar Alhamis shugaban garaji ya ce in ɗauki kayan aiki in je gidan mutumin, wani inji ya lalace. Injin busar da tufafi ne da Nasaran ya bar masa tare da gidan. Farin ƙarfe ne, tsayinsa kamar turmi, a cikinsa akwai kwando mai huji-huji da ke juyawa da gudun tsiya har ruwa ya fita ta wani ɗan bututu, tufa ta fito kusan a bushe. A garin da rana ke busar da babbar riga kafin ka gama alwala, ba wanda ke bukatarsa, amma babu irinsa a duk Agadas, shi kuwa abin da yake so ke nan.

Wanda ya tarbe ni wani tsoho ne mai wankin gidan, mutumin Tabelot, wanda ya yi wa Nasaran aiki shekaru, aka gaje shi tare da gida. Ya ta da injin wuta na bayan gida, muka kunna. Abin na gurnani amma kwando ba ya motsi. Na kwantar da shi na buɗe ƙasa. Kuruwar, wato bel ɗin roba da ke ɗaukar juyi daga motar injin zuwa kwando ta tsufa ta saki, rulmar, zoben ƙarfe mai ƙwallaye da kwandon ke juyawa a kai, kuma yashi ya cika ta har ta ciza. Na koma garaji na samo kuruwar wata ƙaramar mota da ta yi daidai, na ciro rulma daga wani mataccen dinamo, na wanke ta da kananzir na shafe ta da mai. Ina aiki tsohon na dafa mini shayi a gefe, yana kirana ɗana. Kunnensa ya yi nauyi, sai na ɗaga murya yake ji. Shi ya ba ni labari yana dariya cewa duk ranar Lahadi maigida kan tara baƙi ya nuna musu injin da kansa. Yakan sa rigarsa jiƙaƙƙiya, ya bari ta yi ta juyawa, sannan ya ɗaga murfi ya zura hannu lokaci guda yana kallon fuskokinsu, ya ciro ta ya ce su taɓa su ji.

Na duba abin da ke sa ya iya yin haka. A jikin murfin akwai sanda da ke gangarawa ƙasa, da ɗan resor, wani murɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle, bai fi tsawon yatsa ba. Da an ɗaga murfi, resor ya ja birki ya damƙe kwando nan take. Ina riƙe da resor ɗin a hannu sai ga maigidan ya dawo cin abincin rana. Ya tsaya a kaina, ya gane ni, ya tambayi innarmu. Sannan ya ce, “Allah ya jiƙan yayanka. Mutumin kirki ne, taurin kai ne kawai ya yi masa yawa.” Ya shige ciki yana sakace haƙori. Na mayar da komai wurinsa, na ɗaure kowace ƙusa da kyau, resor ɗin kuwa na sa a aljihu. Da muka gwada, ni na kashe wuta na jira kwando ya tsaya kafin in ɗaga murfi, tsohon bai lura ba. Ya yi ta sa mini albarka har bakin ƙofa.

Ba zan ɓoye muku ba, kwana ukun nan na fi kowane lokaci jin daɗi tun rasuwar yayana. Na ci abinci har innarmu ta yi mamaki. Ina ta hango hannun nan na dama, wanda ya riƙe alƙalami ya rubuta sunan, yana murɗewa a gaban baƙinsa. Ban so ya mutu ba. So nake ya rayu yana kallon hannun kullum, a riƙa ba shi abinci a baki. Ko sau ɗaya tsohon bai faɗo mini a rai ba, alhali na san shi ke wanki, na kuma sha shayinsa.

Ranar Asabar aka tura maigidan rangadi Ingal, Lahadi ba a tara kowa ba. Litinin da safe tsohon ya wanke zannuwan gado ya zuba a inji. Ƙarar injin wuta ta cika wurin, shi kuma ba ya ji sosai, ga shekaru yana ɗaga murfin nan yana zura hannu ba tare da ya duba ba. Zane ya naɗe masa hannu ya murɗe shi tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ina ƙarƙashin kamiyo labari ya iso garaji. Da aka ce injin gidan wane ya karya hannun mutum, sai da na ji wani sanyi a zuciyata kafin a faɗi ko wane ne.

Da maigidan ya dawo, ni aka sake kira in duba. Na roƙi a ba ni wuri, na kwantar da injin, na mayar da resor ɗin cikin minti biyu. Na kira shi na nuna masa birki na kamawa daram. Ya ce dama ya sani, tsufa ne da sakaci. Tsohon na kwance a likita aka aika masa cewa an sallame shi. Da ya fito, hannun ya shanye ya lanƙwashe kamar ƙugiya, ya hau motar ƴan albasa ya koma ƙauyensu. Ni kuwa, maimakon in ga laifina, sai na ɗora wannan ma a kan maigidan. Na riƙa ce wa kaina ai shi ya kore shi, shi ya jawo komai tun farko. Da haka na yi ta lallashin kaina shekara da shekaru.

Maigidan kuwa ko ƙwarzane bai samu ba. An mayar da shi Yamai da ƙarin girma, ya tsufa cikin jikoki, aka yi masa babbar jana'iza. Har yau in an ambace shi bakina ba ya iya cewa Allah ya jiƙansa.

Sai bayan na yi aure na haihu, na ga yadda hannun uba ke ciyar da gida, sannan abin ya fara hana ni sukuni. Na shiga mota na tafi Tabelot. Na sami tsohon a garkar ƙaninsa, wato lambun albasa, yana kora raƙumin da ke jan ruwa daga rijiya da hannun hagu, domin ba ya iya riƙe fartanya. Ya gane ni, ya yi murna, ya ce a kawo shayi. Na ce ya bari tukuna. Dole na ɗaga murya saboda kunnensa, don haka abin da na ɓoye shekaru na faɗe shi da ƙarfi a tsakiyar albasa, mutanen garka na ji. Ya tambaye ni ko na san shi ke wanki a gidan, na ce na sani. Ya ce, “To ɗana, ba mantawa ka yi da ni ba. Ba ka dai ƙidaya ni cikin mutane ba ne.” Na roƙi gafara, ya ce ya ji, zai duba zuciyarsa. Bai ce ya yafe ba. Bayan wata biyu aka aiko mini ya rasu.

Abin da na gane shi ne, duk tsawon lokacin da nake ƙin maƙwabcinmu, ban lura na koyi aikinsa ba. Shi ya ƙara suna a takarda don ya huce haushin katanga, ni na cire ɗan ƙarfe don in huce nawa, kowannenmu ya lalata mutumin da ba shi da laifi, ya kuma tafi ya yi salla. Ina kira ga masu karatu, musamman ƴan'uwana masu aikin hannu: in an ba ka amanar inji, ko mota, ko wayar wuta a gidan wanda ka tsana, ka gyara da gaskiya ko ka ce ba za ka iya ba ka tafi. Ba ka san hannun wa zai fara taɓawa ba, kuma a irin waɗannan gidaje, mai taɓa kaya kullum ba maigida ba ne. Ni na tsufa yanzu, ina tsoron ranar da zan tsaya in yi ƙarar maƙwabcinmu kan yayana, in waiga in ga tsohon nan tsaye a bayana yana jiran nasa layin.