Rigar Kawu a Maraɗi

Ba zan rantse a kan shekarar ba, amma ina jin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Muna kwalejin horon malamai, ni da taubashina, ɗan kawuna na Kurfi. A ajinmu akwai wani da ya taɓa raka mahaifinsa Kumasi, ya hana kowa sakat da labarin ƙasar waje. Sai taubashina ya ce in an yi hutu mu ma sai mun taka ƙasar Faransa, kamar yadda ake kiran tsallaken iyakarmu a lokacin, ko da Maraɗi ce. Na tambaye shi da wane guzuri. Ya ce, "Kai dai bawana, bi ubangidanka kawai." Haka yake kirana tun muna yara, irin wasan taubasai, kuma ban taɓa iya rama masa ba.

Da hutu ya zo na taso daga Dutsin-Ma na same shi a Kurfi. Kawu ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai tsare gida. Ya dubi gajeren wandon makaranta da ke jikina ya ce ba za a je ƙasar mutane a haka ba. Ya shiga ɗaki ya fito da babbar rigarsa ta saƙi, wadda yake sawa ranar Juma'a, ya miƙo mini.

"Kai na ba, don na san halinka," in ji shi. "Wancan ko buta na ba shi sai ya dawo da ita ba gindi. Yadda ka karɓa haka za ka maido."

Na ce in Allah ya yarda. Na ninke ta na cusa cikin rigar matashi, kuma tun daga ranar ban sake samun barcin kirki ba.

Saman buhunan wata motar hatsi muka hau, ladan taya lodi, har Jibiya, daga nan wata ta tsallaka iyaka da mu zuwa Maraɗi. Wani malami kusa da kasuwa ya bar mu mu kwana a zaurensa. Garin rogo da ƙuli-ƙulin da muka ɗauko ba su je ko'ina ba, don taubashina ci yake kamar mai gudun kada su lalace. Da suka ƙare sai ya fito da dabararsa. Bayan sallar asuba mu bi unguwa, duk ƙofar da muka ga an shimfiɗa tabarmi an ɗaure rago, to suna ake. Mu zauna, a shafa fatiha da mu, a ba mu goro da waina.

Na ce anya hakan ya halatta kuwa? Ya ce, "Addu'ar da za ka yi wa jaririn ta jabu ce?" Abin da na iya yi dai, in kowa ya shafa, ni sai in ƙara tsawaita tawa, don in ji kamar na biya.

Ya kuma dage lallai in riƙa sa rigar, wai mai babbar riga ba a tambayarsa dangin wa, kuma shi ake fara ajiye wa akushi. Gaskiyarsa ce, ko da yake ba na son faɗa. Mun yi 'yan kwanaki a haka, ina cin waina da hannu a miƙe can nesa da jiki saboda mai.

Ranar da abin ya faru, gidan wani attajirin gyaɗa ne, jama'a maƙil. Akwai wani maroƙi, gajeren tsoho mai murya kamar ta mutum uku. Na hango shi ya durƙusa kusa da taubashina suna ƙus-ƙus, ban kawo komai a raina ba. Can sai na ji an kwarara kirari, an ambaci Kurfi, an ambaci Kawu. A lokacin Kawu bai je Makka ba, amma a bakin tsohon nan ya je ya dawo, rumbunansa sun miƙe har garin Birchi. Sannan ya nuno ni, wai ga ɗan 'yar'uwarsa, malamin malamai daga ƙasar Ingilishi, wato tamu. Ni kuwa bakina cike da waina.

Kowa ya san wanda aka wasa a bainar jama'a sai ya yi kyauta. Aljihuna ba abin da zan fitar in tsira da mutunci. Gumi ya karyo mini, na kai hannu na ɗaga kafaɗar rigar don iska ta shiga. Sai taubashina ya ɗaga murya, har da dafe ƙirji.

"A'a, bawana! Har rigar?"

Tsohon bai jira ba. "Ya ba ni riga! Jama'a ku shaida, ɗan Kurfi ya ba ni riga!" Mata suka ɗauki guɗa daga cikin gida.

Na matsa kusa da kunnen taubashina na ce, "Ta babanka ce fa!"

Ya ce, "Ni aka ba amana?"

Wataƙila wani mai ƙarfin zuciya zai iya cewa kuskure ne. Ni dai na dubi idanun da ke kaina, na cire rigar na miƙa wa tsohon, na zauna daga ni sai singileti da wandon makaranta. Da taro ya watse na bi tsohon don in roƙe shi, na tarar har ya sa, tana jan ƙasa. Ya kama hannuna ya yi ta sa mini albarka, ban samu inda zan sa bakina ba. Mai gidan kuma abin ya burge shi, ya ba mu ɗaki da abinci har muka tashi, ya sa mu a motarsa. Taubashina ya ce in gode masa, tafiya ta yi arha.

Da na gaya wa Kawu bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi in gaida mutanen Dutsin-Ma. Na koma makaranta ina ganin na gama zubar da kaina a gidan nan. Labarin ƙasar waje ma ban iya bayarwa ba, taubashina ne ya bayar, da ƙari.

Hutu na gaba mahaifiyata ta tilasta mini zuwa gaida Kawu. Na same shi a rumfarsa da wasu fatake biyu na Maraɗi. Ashe tsohon nan bai bar taro ko ɗaya ba sai ya shiga da rigar yana faɗin daga gidan da ta fito, har masu sayen gero suka fara tambayar rumfar Alhajin Kurfi. Na durƙusa can gefe, na ji Kawu yana cewa, "Ai ni na ce masa, in ka ga mai buƙata kada ka tsaya shawara." Ya juyo ya kafe ni da ido. "Ko ba haka aka yi ba?"

Na ce, "Kusan haka ne, Kawu."

Ya ce, "Kusan?"

Na ce, "Haka ne."