Baba Safiyo da kilomita ashirin da biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, da ƙarfe uku da minti goma na rana, Allah ya karɓi ran Baba Safiyo a gidansa na ƙauye, yana jiran motar asibiti.

Baba, wata takwas kacal na yi tare da kai a ofishin taswira kafin ka yi ritaya. Ranar farko ka ga ina gaggawa a kan na'urar awo, ka yi dariya ka ce, "Ɗana, garin ba guduwa zai yi ba. Sake aunawa." Kai ka cusa min cewa lambobi biyu ne ke nuna inda kowane gari yake, kuma digiri ɗaya minti sittin ne, ba ɗari ba.

Da aka zuba awon da ka yi shekara talatin kana tarawa a kwamfuta, masu aikin suka ga minti talatin a gaban sunan garinku, suka rubuta 0.30, alhali rabin digiri ne, 0.50. Takarda uku ka rubuta kan a gyara kuskuren, na ga kwafinsu. Shugaban sashe ya ce, "Tsufa ne, ku ƙyale shi."

Taswirar nan ta kwamfuta direban motar asibitin ya bi. Babban ɗanka ya kira asibiti da ƙarfe ɗaya da rabi. Motar ta je ta tsaya a wata gona, kilomita ashirin da biyu daga ƙofarka. Ban ce da ta iso da ka rayu ba, ajali na Allah ne. Amma ganganci ba ƙaddara ba ce, kuma an faɗa musu sau uku.

Ranar Alhamis shugaban ya tafi yi wa iyalinka gaisuwa, ya ɓata a hanya. Ni ya kira, ko kunya babu: "Kai, wai ina garin nan yake?"

Na sake duba lambobin ɗaya bayan ɗaya. Garuruwa arba'in da ɗaya ba sa inda aka ajiye su. An ce in ja bakina sai an tabbatar da ni a aiki. Ina tsoro, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Amma jiya na miƙa takarda ta huɗu, da sa hannuna.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Mama, da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare mutanen sauran garuruwa arba'in daga jiran da kuka yi.