Fuskar Hussaina a Takardar Siminti

Kanta na Madarunfa bai wuce aji uku ba a lakwal, wato makarantar boko, kuma a cikin shekarun nan duka babu abin da ya kwaso sai yadda ake riƙe fensir. Mu taubasansa mun sha cewa da fensir a kunne aka haife shi, har ungozoma ta soke yatsa. Manomin rani ne a bakin tafki, tumatir da zogale, amma da ya sami sarari sai ka gan shi a gindin iccen bedi ya duƙufa kan takarda kamar mai tsintar tsaba.

Kayan aikinsa ko kaza ba za ta yi ƙyashinsu ba. Fensir irin na 'yan makaranta da ake sayowa a Ɗan Issa, tsohuwar reza, da guntun silifa da yake gogewa da shi. Takarda kuwa ta buhun siminti ce, ɓawon ciki mai tsabta, ya danne ta a ƙarƙashin tabarma har ta miƙe. Fensir ɗaya sai ya ci shi har ya koma kamar ƙwayar wake, sannan ya cusa shi a kara ya ci gaba. Inuwa ita ce gwanintarsa. Yakan kankare bakin fensir da reza, ya tara garin, ya dangwala da auduga ya shafa a hankali ƙarƙashin hanci da haɓa, duk inda rana ba ta kai ba. Ya ce mai koyo ya fara da hannu sakwa-sakwa, don ƙara baƙi ba wuya, ragewa ce aiki.

Farkon zanensa dai, Allah ya jiƙan takarda. Ya zana jakin Ɗanjuma, mutane suka ɗauka kwalekwale ne suka yi ta yabawa. Amma ya yi ta yi har hannu ya faɗa.

Matarsa Hussaina ba ta son a zana ta. Sau ɗaya ta yarda, wani hantsi tana tsinke zogale a tsakar gida.

"Malam, in ka yi mini hancin jakin nan, tuwonka yau ba miya."

"Ki daina motsi mana."

"To mi zan yi, in daina numfashi?"

Ta yi dariya, shi kuwa ya kama dariyar a gefen bakinta. Zanen ya fito har maƙwabta suka riƙa shigowa kallo.

Damina biyu bayan haka Hussaina ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, ta bar ɗiyarsu Bushira tana tatata. Hotunanta na cikin waya, wayar kuma ta riga ta faɗa tafki tun tuni. Sai takardar nan kaɗai ta rage. Kanta ya kafe ta a bangon ɗaki, can ƙasa-ƙasa daidai tsayin yarinyar, don kada ta tashi ba ta san fuskar uwarta ba.

Bushira ta mayar da ita wurin gaisuwa. Kullum da safe sai ta je ta shafa kumatun ta ce, "Inna, ina kwana." Ta dawo da yatsu baƙi. Fensir ba ya jure shafa, abin da auduga ta shimfiɗa yatsa ke kwashewa. An ce masa ya sa ta a leda ya ɗaga sama. Ya gwada, yarinyar ta wuni tana kuka a gindin bango har muryarta ta dushe, sai ya sauko da ita ya cire ledar.

Ya shiga gyara. In kumatu ya koɗe ya mayar da inuwa, in ido ya dusashe ya ƙara baƙi. Shekara na bin shekara yana yi. In ya rasa yadda gefen hancin yake, sai ya ɗaga kai ya dubi Bushira, ai jini ɗaya ne.

Ranar da Gwaggo Balaraba, yayar uban Hussaina, ta zo daga Safo, ta tsaya gaban takardar ta daɗe.

"Kanta, yaushe ka zana Bushira?"

"Gwaggo, Hussaina ce hwa."

"Wace Hussainar? Ni na goye ta, ɗan nan. Tawa doguwar fuska gare ta. Wagga ɗiyarka ce."

Kanta ya duba, ya ga gaskiya ne. Ya rufe ido ya nemi matarsa, muryarta ta zo, dariyarta ta zo, fuskar ta ƙi. Ya zaunar da Gwaggo ya ce ta faɗa masa. Ta ce haɓar ta fi haka tsini. Maƙwabciya ta leƙo ta ce a'a, goshin ne. Ya ɗauki guntun silifa ya goge, ya zana, ya sake gogewa, gumi na ɗiga, har takardar da ta sha shekaru ta huje a kumatun hagu, rami kamar na ɓera.

Bushira ta dawo daga lakwal ta gani.

"Baba, Inna ta ji ciwo?"

Ya yanko wata takardar, ya liƙa ta baya da ƙaro, ya feƙe fensir, ya riƙe shi a kan wurin har aka kira la'asar. Sannan ya ajiye. Bai san abin da zai sa ba, kuma ya gaji da yi wa yarinyar ƙarya.

Haka zanen yake har yau, kumatu ɗaya babu komai. Bushira ta girma, tana gaishe shi, amma ta daina taɓawa, ba wanda ya hana ta. Kanta yana nan bakin tafki, yana zana jakai da kwalekwale da tsuntsayen ruwa, kuma yanzu kowa na gane wanne ne wanne. Mukan tsokane shi a kan furfura, a kan rowa, a kan komai, ban da wannan. In wani ya kawo matarsa ko tsohuwarsa ya ce a zana, sai Kanta ya ce, "Kai ta Maradi a ɗauke ta hoto, a wanke maka biyu. Yau, kada ka bari sai gobe."