Kantun da Inna Ta Ƙona

Da na ji ƙaurin gero a kasko sai zama ya gagare ni. In tashi in leƙa ƙofa, in dawo, kamar mai jiran mota. Kada ka yi mini dariya, ka bari ka ji dalili.

Ni ce ƴar fari a gidanmu na Diffa. Mutanen Damagaram ne mu, Baba na da shago a kasuwa, kuma Inna ta taho da kunyar garinsu cif-cif. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido. In tana son aikena sai ta ce wa ƙanena, "Ka ce wa waccan ta ɗebo ruwa," alhali ina tsaye a gabanta. Na san al'ada ce, amma wallahi abin yana cina a rai.

Shekarar da na ci jarrabawa aka ce in tafi lise, wato babbar sakandare, a Damagaram, wajen gwaggona. Lokacin kogin Kumadugu ya cika, yawancin maƙwabta suna bakin ruwa wajen noman tattasai. Ni kuwa abu guda ke gabana: kafin mota ta tashi, ko Inna za ta ce mini wani abu, ni da kaina?

A gidanmu ba mai yin tafiya ba tare da kantun Kaka ba. Ba irin na talla ba ne da ake narka sukari. Kaka ta tsani sukari, ta ce baki kawai yake yi wa daɗi ya bar ciki wayam. Nata, gero ake soyawa a barza, a haɗa da gyaɗa da riɗi, a daka dabinon da Tubawa ke kawowa har ya yi danƙo, a ɗiga zuma kaɗan. Sai a shimfiɗa a tire, a danne da dutsen niƙa, a yanka tun da sauran ɗumi. Yanka guda da ruwa ya riƙe mutum har azahar.

Ran tafiyata hannun Kaka na ciwo, sai Inna ta karɓi suyar. Na kasa zama. In ɗaure akwati, in kwance, in zagaya ta bayan murhu ko za ta tanka. Ita dai suyarta kawai take yi. Wata maƙwabciyarmu Babarbariya ta leƙo da Hausarta mai daɗi, ta ce, "Yarinya zai tafi nesa, ke ko kuka ba ka yi?" Inna ta ce, "Wace yarinya?"

Can sai ƙauri ya cika gida. Inna na riƙe da ludayi, ido a kan kasko, hayaƙi na tashi a gabanta, hannunta bai motsa ba. Kaka ta yi salati. "Ke! Tun da aka kawo ki gidan nan ban taɓa ganin kin ƙona ko tuwo ba. Zuba wa awaki, a sake."

Ba lokacin sakewa, yaron mota ya riga ya zo ɗaukar kaya. Inna ta tsince baƙin da za ta iya, ta haɗa sauran, ta danne dutsen da ƙarfin da ya fi na kullum. Ta ƙulle a tsumma ta miƙa wa Kaka, ta ce, "A ba mai tafiya." Ta shige ɗaki. Na tsaya a bakin labule na ce, "Inna, na tafi." Abin da na ji kawai shi ne, "Allah ya kiyaye hanya," shi ma kamar da bango take. Na yi fushi har muka wuce garin Maine.

Kantun nan ɗaci gare shi. Ƴaƴan gwaggo suka ɗanɗana suka tofar. Ni na cinye shi kaɗan-kaɗan, ina ci ina jin haushinta, ina kuma tsoron ya ƙare.

Yanzu zamani ya sake. Tawa ƴar farin, sunanta nake kira tun daga bakin titi, in rungume ta a gaban kowa. Amma nawa jiran bai ƙare ba. Bara Inna ta kwanta ciwo, muka je Diffa da yarinyar. Na ga yadda ta rame, tsoro ya kama ni, na cire kunya na ce, "Inna, don Allah ki kira sunana, ko sau ɗaya."

Ta juya ga jikarta ta ce, "Ji uwarki da rashin ta-ido." Sannan ta lalubo wuyan hannuna ta cikin zane ta riƙe gam. Aka kira la'asar, na yunƙura zan tashi alwala, ba ta sake ni ba.